Fashi, Jingina ko Ramuwa? Sharhi a kan Labarin Kame Kayan Clapperton a Sakkwato

Littafin tafiya ta biyu ta Kyaftin Hugh Clapperton, wanda John Murray ya buga a Landan cikin 1829, shekara biyu bayan rasuwar mai shi a Sakkwato, yana cikin littattafan da masu rubuta tarihin ƙasar Hausa ba su iya kauce musu. Duk mai son sanin yadda hanya da kasuwa da fatauci suke a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ko ba jima ko ba daɗe sai ya buɗe shi. Tun da Jamie Bruce Lockhart da Paul Lovejoy suka sake fitar da shi cikin 2005 bisa rubutun hannun marubucin, haɗe da wasiƙu da bayanai, aikin mai bincike ya ƙara sauƙi.

Wannan sharhi ya tsaya ne a kan aukuwa guda daga cikin littafin, watau kame kayan Clapperton da aka yi a Sakkwato a ƙarshen Disamba 1826, da hukuncin da marubucin ya yanke wa wannan kamu, da kuma kalmar da ta dace a sa idan an zo juya labarin zuwa Hausa domin littattafan tarihi na makarantu da na azuzuwan yaƙi da jahilci. Kalmomi biyu ne suka fi saurin zuwa bakin mai fassara, "fashi" da "ramuwar gayya". Kowace daga cikinsu tana ɗauke da hukunci a cikinta, kuma in an gwada hukuncin da abin da littafin kansa ya ƙunsa, sai a ga bai tsaya da ƙafafunsa ba.

Abin da ya faru

Clapperton, wanda mutanen ƙasar suka sani da sunan Abdullahi, ya fara zuwa Sakkwato a 1824 ta hanyar Tarabulus da Barno, Bello kuwa ya karɓe shi hannu biyu, har ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila George na IV. A zuwa na biyu ta teku ya biyo. Ya sauka Badagiri, ya tashi daga can a Disamba 1825, ya ratsa ƙasar Yarbawa da Bargu da Nufe da Zazzau, ya iso Kano a Yuli 1826. Nan ya tarar ƙasar ba yadda ya bar ta take ba, domin gaba ta ɓarke tsakanin Sakkwato da Shehu Laminu na Barno, hanyar gabas ta toshe, fataken Larabawa suna zaune Kano sun rasa ta inda za su bi zuwa Fezan. Ya bar baransa Richard Lander a Kano tare da kayan da gwamnatin Ingila ta aiko wa Shehun Barno, ya tafi wajen Bello, ya same shi cikin Oktoba ya yi sansani a bakin Konya, birnin Gobirawa na wancan lokaci.

Niyyarsa ita ce in ya gama da Sakkwato ya wuce Kukawa ya miƙa wa Shehu Laminu saƙonsa. Cikin saƙon akwai wasiƙa, akwai kyaututtuka, kuma cikin kyaututtukan akwai makamai. Bello bai yarda ba. Aka aika Kano aka taho da Lander da kayan ba da sanin maigidansa ba, aka nemi wasiƙar Barno aka karɓe, Waziri Giɗaɗo kuma ya zo masauki aka ɗebe abin da aka nufi Barno da shi. Clapperton ya fusata ƙwarai, ya kamanta masu kamun da ƴan fashi, ya ce sun ci amana. Makonni kaɗan bayan haka rundunar Barno ta kutso ƙasar Kano, sai da Sarkin Bauci Yakubu ya tare ta a farkon 1827. Clapperton bai bar Sakkwato ba, ciwo ya kwantar da shi, ya rasu ran 13 ga Afrilu 1827.

Kyan littafin shi ne marubucin ba ya ɓoye abin da ya gani, ko da abin zai raunana hujjarsa. Aibinsa kuwa shi ne ba ya haɗa abin da ya gani jiya da abin da ya same shi yau. Mai karatu shi zai yi wannan aiki.

Abin da marubucin ya gani bai haɗa ba

Kamun Sakkwato ba shi ne na fari da aka yi wa kayansa ba a wannan tafiya. Cikin Afrilu 1826, a Wawa ta ƙasar Bargu, kan hanyar fataken goro, sarkin garin ya hana kayansa fita. Dalili shi ne wata attajira gwauruwa mai suna Zuma, wadda ta nuna tana son baƙon, ta bar gari da jama'arta da makaɗanta ta bi sawunsa, sarki kuwa yana zargin ta da neman tayar masa da fitina. Aka gaya wa Clapperton kayansa ba za su motsa ba sai ta komo. Ya koma Wawa, ta komo, aka sakar masa kayansa ba a taɓa kome ba. Littafin ya ba da wannan labari cikin raha, kamar wasan kwaikwayo, kuma galibin masu karatu haka suke ɗaukarsa. Amma in an cire rahar, abin da ya saura shi ne tsararren misali na wata tsohuwar ƙa'ida ta hanyoyin fatauci: a riƙe kayan wanda ke hannu saboda aikin wanda ba ya hannu, har sai abin da ake nema ya samu, sa'an nan a saki. Ɗan fashi ba ya gaya wa mai kaya sharaɗin da zai cika a mayar masa da kayansa.

Abu na biyu shi ne maganar mai masauki. A al'adar fataucin Hausa baƙo ba ya tsayawa da kansa a garin da ba nasa ba. Yana da fatoma ko maigida, wanda ke ajiye masa kaya, ya samo masa dillali, ya tsaya masa lamuni in ciniki na bashi ne. Abner Cohen ya bayyana wannan tsari dalla-dalla a bincikensa na 1969 a kan unguwar Sabo ta Ibadan, Lovejoy kuma a littafinsa na 1980 a kan ayarin goro. Abin da ba a cika jaddadawa ba shi ne lamunin hanya biyu ne: yadda maigida ke ɗaukar nauyin baƙo, haka baƙo ke ɗaukar sunan maigidansa. To, mutumin da ke kula da al'amuran Clapperton a Kano, wanda littafin ke kira Hat Salah, tun a tafiya ta fari an bayyana shi a matsayin wakilin Shehun Barno a birnin. Ke nan a idon fadar Sakkwato ga baƙo ɗauke da makamai zuwa ga wanda ake yaƙi da shi, kayan kuma suna ajiye a ƙarƙashin kulawar wakilin wannan abokin gaba. Clapperton ya fi karkata ga zargin fataken Larabawa, cewa su ne suka ɓata shi a fada don tsoron kada Ingilishi su ƙwace musu kasuwa. Mai yiwuwa akwai ƙanshin gaskiya a nan, amma ko ba da tsegumin kowa ba, tsayuwarsa ta isa ta jawo tuhuma.

Abu na uku ya fi ban mamaki. Clapperton hafsan sojan ruwa ne, ya kuma yi aiki a zamanin yaƙe-yaƙen Napoliyon, lokacin da jiragen Ingila ke tare jiragen ƙasashen da ba ruwansu da yaƙin, suna bincike, suna kame duk abin da suka ce kayan yaƙi ne da aka nufi Faransa da shi. Dokokin toshe ciniki da Ingila ta kafa a 1807 ta kira su martani ne ga dokar da Napoliyon ya kafa a Balin a 1806. Takardar izini da sarki ke ba mai jirgi ya kame jiragen abokan gaba kuwa, ba a soke ta ba sai a yarjejeniyar Paris ta 1856, shekara 30 bayan abin da ya faru a Sakkwato. Ashe mutumin da ke cewa an yi masa fashi, a tekun ƙasarsu wannan aiki sunansa doka.

Ingila ta dā

Tushen wannan doka ya daɗe, kuma yana da amfani a dube shi, domin Ingilishi sun shekara ɗaruruwa suna rarrabe ire-iren kamu da mai fassara ke neman cusawa cikin kalma guda.

A takardar Magna Carta ta 1215 an yi wa fatake alkawarin shiga da fita lafiya. Amma in yaƙi ya tashi, fataken ƙasar da ake yaƙi da ita za a tsare su, ba tare da an taɓa jikinsu ko dukiyarsu ba, har sai an ji yadda ake yi wa fataken Ingila a can. In suna lafiya a can, waɗannan ma suna lafiya a nan. Wannan ɗan'uwan abin da aka yi a Wawa ne, sai dai an rubuta shi.

Akwai kuma kamu saboda bashi. A kasuwannin Ingila na ƙarni na 13, in mutumin wani gari ya ci bashi ya gudu, sai a kame kayan duk ɗan garinsu da ya shigo, shi kuma in ya koma gida ya bi mai laifin. Dokar Westminster ta 1275 ta hana a yi wa ɗan ƙasa haka sai in shi ne mai bashin ko shi ya tsaya lamuni. Baƙi na ƙetare ba su shiga wannan kariya ba sai daga baya. A 1303 Edward na I ya ba fataken waje takardar gata, ya yi musu alkawarin shari'a mai sauri da masu taya alƙali rabi daga cikin baƙi, su kuma suka yarda da ƙarin kuɗin fito. A 1353 ne doka ta ce ba za a kama baƙo don bashin wani ba, ta kuma ba fatake kwana 40 su kwashe kayansu in yaƙi ya tashi. Duk da haka ta bar ƙofa guda a buɗe: in mutanen wata ƙasa sun cuci ɗan Ingila, aka nemi sarkinsu ya yi adalci ya ƙi, to sarkin Ingila yana da ikon ba wanda aka cuta izini ya kama kayan ƴan wannan ƙasa. A lura da sharuɗɗan. Sai an kai ƙara, sai an hana adalci, sai hukuma ta ba da izini, kuma abin da za a kama gwargwadon asara ne.

Rikicin Ingila da Filandas ya nuna yadda abin ke ƙarewa. A Satumba 1270 Margaret mai mulkin Filandas ta kame dukiyar fataken Ingila da ke ƙasarta, saboda wasu kuɗi na shekara-shekara da ta ce sarakunan Ingila sun daina biyan gidansu. Henry na III ya mayar da martani, aka kame kayan mutanen Filandas, aka hana kai musu ulu, wanda shi ne abincin masaƙunsu. Da aka zo sulhu a Montreuil a 1274, sai aka zauna aka ƙididdige asarar kowane ɓangare, aka cire ƙarama daga babba, Filandas ta ɗauki nauyin biyan ragowar. Lissafi ne irin na ɗan kasuwa, da shafin shiga da shafin fita.

Wannan ba ya nufin abin yakan tsaya inda aka so. A 1468 Sarkin Denmak ya sa aka kame jiragen Ingila, sai Edward na IV ya huce a kan fataken ƙungiyar Hansa, watau haɗin gwiwar biranen Jamus masu ciniki, da ke zaune Landan, ya tsare su da dukiyarsu, alhali ba su ne suka yi kamun ba. Mutanen Kolon kaɗai aka saki, abin da ya sa ƴan'uwansu suka kore su daga ƙungiyar. Aka shiga yaƙin teku har 1474, a yarjejeniyar Utrecht kuwa Ingila ce ta yarda da diyyar fam 10,000, ta kuma mallaka wa Hansa masaukinsu na Landan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji masu iya magana. A kowane irin kamu, falken da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ke fara ɗanɗana.

Ma'aunin Sakkwato

Ba adalci ba ne a auna Bello da dokar Ingila kaɗai, ko da za ta wanke shi. Yana da nasa ma'auni, kuma ma'aunin ya fi tsanani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Maratta kusa da Galmi, a littafinsa Kitab al-Farq ya jera ayyukan sarakunan Haɓe da ya ce sun saɓa wa shari'a, ya kuma kira su da sunayensu na Hausa cikin rubutun Larabci: jangali, kuɗin gari, gaisuwa, tawasa, da sauransu. Cikinsu akwai "kamuwa", watau kame dabbobin dakon mutane ba da izininsu ba don ɗaukar kayan sarki. Ga masanin harshe wannan jeri taska ce, domin ya nuna tun farkon ƙarni na 19 Hausa tana da kalma ta musamman ga kamun da mai mulki ke yi don amfanin kansa, kuma malaman jihadi sun la'anci abin. Bugu da ƙari, shari'ar da Sakkwato ke bi ta ginu ne a kan cewa ba a ɗora wa mutum laifin waninsa, baƙon da ya shigo da amana kuwa jininsa da dukiyarsa haramun ne. Saboda haka irin kamun Wawa, ko irin na kasuwannin Ingila kafin 1275, ba shi da madogara a fiƙihu, kome yawan aikata shi da aka yi a hanya.

Abin da Bello ya yi ba ya cikin waɗannan. Bai riƙe kayan don wani ya biya bashi ba, bai kuma riƙe su don a sako masa nasa fatake ba. Ya hana makami isa hannun wanda ke shirin kawo masa yaƙi ne, malaman fiƙihu kuwa sun daɗe da hana kai makamai ga abokin gaba. Sai dai a nan akwai gargada da mai sharhi bai kamata ya tsallake ba. Barno ƙasar Musulmi ce tun ɗaruruwan shekaru, kuma halalcin yaƙi da ita shi ne ainihin abin da Bello da Shehu Laminu suka yi ta musu a kansa cikin wasiƙun da Bello ya tattara a Infaq al-Maisur. Wanda ya karɓi hujjar Sakkwato zai ga kamun daidai ne, wanda ya karɓi ta Kukawa zai ga ba haka ba. Har ila yau yadda aka taho da Lander daga Kano bisa zaton maigidansa ne ke kiransa, da karɓe wasiƙar da aka rubuta wa wani, abubuwa ne da suka taɓa amana, kuma fushin Clapperton a kansu yana da tushe. Mai fassarar da zai goge wannan don kare Bello ya yi daidai da wanda zai rubuta "fashi" don bin Clapperton; duka biyun sun yanke wa ɗalibi hukunci tun kafin ya karanta.

Wani abu da ke nuna manufar kamun shi ne Bello bai hana baƙon komawa gida ba. Hanyar Barno kaɗai ya rufe masa, ya kuma ambata masa wasu, har da ta Agadas. Wannan hanya ita ce ta arewa, wadda ke fita daga Sakkwato ta ratsa Ƙonni da Adar, ƙasar da zuriyar Agabba ke sarauta daga Illela, wadda Djibo Hamani ya rubuta tarihinta a 1975. Ta nan ayarin Kel Geres ke gangarowa da gishiri. A shekarun da gabas ta toshe, Gobirawa da sauran masu tawaye kuma suka hana dajin da ke tsakanin Sakkwato da Katsina kwanciya, darajar wannan hanya ta ƙaru, kuma wannan ne ya sa fadar Sakkwato ba ta taɓa ɗauke ido daga rigingimun sarautar Adar ba. Littafin Clapperton ya yi ƙarancin bayani a nan, don bai bi hanyar ba. Mai son cike giɓin sai ya koma ga Hamani da kuma bakin tsofaffi.

Maganar kalmomi

"Fashi" ta fita, tun da ma'anarta tare hanya ne da ƙarfi ba da wata hujja ba, ba kuma da niyyar mayarwa. "Ƙwace" ta fi ta sauƙi, amma ba ta faɗi kome a kan dalili ba. Matsalar ta fi zama a kan "ramuwar gayya", wadda gidajen rediyo suka mayar da ita kalmar kullum ga duk wani martani tsakanin ƙasashe, har ta zama ita ce ke fara faɗowa a ran mai fassara.

"Ramuwa" ita kaɗai ba ta da laifi. Ana ramuwar azumi, ana ramuwar salla, ana rama alheri, ana rama biki. Ma'anarta cike gurbin abin da ya kuɓuce ko mayar da kwatankwacin abin da aka karɓa. Wannan kuwa ya yi daidai da lissafin da aka yi a Montreuil. "Gayya" ce ke ɓata zancen. Ba gayyar noma ake nufi ba, a'a, gayyar da ke cikin "ya yi da gayya", watau aikata abu da gangan don a ƙuntata wa wani. Karin maganar da ke cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi ta bayyana kome: ita wannan ramuwa ba ta san gwargwado ba, burinta ta zarce, kuma kan wanda ya yi laifin take sauka. Kamun fatake kuwa saɓanin haka yake ta fuska biyu. Yana da iyaka, aƙalla a ƙa'ida, kuma kan wanda bai yi laifin ba yake sauka. Ke nan kalmar ta ɓoye wa mai karatu daidai abin da ya fi muhimmanci, watau cewa akwai mutum na uku a tsakani.

"Garkuwa" da ta yi kyau ga abin da aka yi a Wawa da wanda ke cikin takardar 1215, amma a bakin mutanen yau ta riga ta tafi ga masu satar mutane don neman kuɗin fansa, ba kuwa za a iya janyo ta ba. Abin da ya saura shi ne a koma ga kalmomin kasuwa. Jingina abu ne da mai shi ke ajiyewa da yardarsa har ya biya; lamuni nauyi ne da mutum ke ɗauka da bakinsa a madadin wani. In an ƙara musu "dole", sai su faɗi abin da ake so ba tare da dogon bayani ba. "Lamunin dole" ita ce ƙa'idar, cewa ɗan gari yana ɗauke da bashin ɗan garinsu ko bai yarda ba. "Jinginar dole" shi ne aikin, riƙe kaya har a cika sharaɗi. "Kamun ramuwa" ya dace da wanda hukuma ke ba da izininsa bayan an hana adalci, gwargwadon asara. Na Sakkwato kuwa "kamun kayan yaƙi" ne, kuma in an kira shi haka, malami na iya tambayar ɗalibai ko halal ne ko a'a, su yi muhawara, tun da sunan bai riga ya ba da amsa ba. "Kamuwa" ta Shehu ya kamata a farfaɗo da ita a littattafan tarihi da ma'anarta ta asali. Waɗannan shawarwari ne, sai an gwada su a bakin ƴan kasuwar Ƙonni da Galmi da Dogarawa kafin a sa su a ƙamus, domin kalmar da aka ƙera a ofis sau da yawa ba ta kai kasuwa.

Wani zai ce wannan tsefe gashi ne a kan abin da ya faru kusan shekara 200 da suka wuce. Amsar tana bakin iyakar Ƙonni. Tun da yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1906 ta raba Ƙonni da Sakkwato, tsohuwar hanyar arewa ta zama hanyar da gwamnatoci ke iya rufewa. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986, ta sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, kuma Illela ta jihar Sakkwato, wadda bai kamata a rikita ta da Illelar Adar ba, tana cikin ƙofofi 4 da aka fara buɗewa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka sake rufe ƙofar har zuwa Maris 2024. A kowane karo manomin albasar Galmi da direban da ya ɗauko ta su ne suka zama ƴan lamunin dole, a kan rigimar da ba a shawarce su ba. Mutumin da aka tsare wa mota yana bukatar ya san wane irin tsarewa ne, domin kowane iri da ƙofar da ake bugawa: na bashin wani ɗan kasuwa, shugabannin ƴan kasuwa da masu masauki ke kashe shi, na takarda ko kuɗin fito, ofishin duwan, na gwamnati da gwamnati kuwa ba shi da magani a tasha. Ɗan littafin yaƙi da jahilci da ya kira su duka ramuwar gayya ya koya wa mai karatu fushi, bai nuna masa inda zai dosa ba.

Akwai sauran iri guda, kuma a ƙarshen littafin 1829 yake, cikin labarin Lander da aka liƙa masa. Bayan an binne Clapperton, kafin a sallami Lander a Mayu 1827, fada ta ɗebi bindigogi da wasu kayan da mamacin ya bari, aka ba baran takarda ya karɓi kuɗinsu da wuri a Kano, a hannun Hat Salah. Da ya isa Kano bai sami wurin ba, haja aka ba shi a madadi, wadda bai zaɓa ba. Mai kaya bai sa farashi ba, bai kuma iya cewa ba ya sayarwa ba, amma an rubuta, an kuma biya ta wata fuska. Masu fassara na iya kiran wannan "sayen dole".